Wajen Wa Za Ka Sauka?

Kamfanonin yawon buɗe ido na Turai sun gano wata haja mai tafiya, wato alkawarin nuna wa mutum birni yadda ƴan garin suka san shi. Mai kuɗi ya sauka Barselona ko Benis ko Marsai da kwana huɗu a hannunsa, yana jin nauyin a gan shi cikin ayarin masu rataye da kyamara suna bin mai ɗaga tuta, sai a sayar masa da sunan wani lungu, da gidan abincin da baƙi ba su gano ba tukuna, da lokacin da masunta ke sauke kifi, a ce masa yau kai ma ɗan gari ne. Maganar tana da daɗin ji, kuma kunyar da ke bayanta mai kyau ce, domin mutum ne ya gaji da zaman ɗan kallo. Sai dai wanda ya tashi a Urno ko Buza ko Keita, inda ba a rasa a kowace unguwa wanda ya taɓa cin rani a bakin Bahar Rum, zai ji maganar ta tsaya masa a maƙogwaro. A Nijar akwai mutanen da suka shekara biyar a Tarabulus, suka iya Larabcin kasuwa, suka gina gidajen da ƴan garin ke kwana a ciki, kuma ko da wasa ba su taɓa kiran kansu ƴan garin ba. In gumin shekara biyar bai sayi wannan suna ba, mene ne kuɗin kwana huɗu yake saye?

Amsar tana cikin abin da Bahaushe yake nufi in ya ce ɗan gari, kuma sanin hanya kaɗan ne daga ciki. Direban babbar mota ya san hanyoyin garuruwa goma, amma ba ɗan ko ɗaya ba ne a cikinsu. Ɗan gari shi ne wanda gari ya sani: an san gidan da ya fito, an san wanda za a kai wa ƙara in ya yi ɓarna, an san inda aka rufe kakansa. In rijiya ta cushe yana cikin masu yasa, in an yi rasuwa a ƙarshen unguwa ana lura ko ya zo gaisuwa, in mai gari ya aiko karɓar haraji sunansa na cikin takarda. Karin maganar nan da ke cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, ta fi zama daram a bakin mutumin Madawa, saboda shi da hannunsa ya san kaba. Kowace shekara ana yankar ta a saƙa tabarmin da suka kai sunan garin kasuwanni masu nisa, shanu su tattake ta, wutar daji ta bi ta kanta, manomi ya sare ta a gonarsa yana tsaki, amma damina na sauka sai ta sake tofowa a wurin nan dai. Abin da aka yaba mata shi ne ba ta tashi. Haka ɗan gari: ba shi da damar naɗe tabarmarsa ranar da gari ya ɓaci, kuma duk sanin da ya yi wa garin, wane mahauci ne ba ya ha'inci, wace hanya ce ruwa ke cinyewa a watan Agusta, wane gida ne ba a zuwa neman aure, riba ce ta wannan ɗauri. Masu tallar yawon buɗe ido sun kwashi ribar sun bar uwar kuɗin a ƙasa, suna sayar da sani ba tare da nauyin da ya haife shi ba.

Dubi yadda mutumin Adar da Gobir Tudu yake shirin tafiya. Da an ɗaure dammunan hatsi an sa a rumbu, an auna abin da zai kai iyali da abin da ba zai kai ba, sai samari su fara maganar tafiya biɗa. Wasu Abijan, wasu Kano ko Legas, wasu Tamanrasat, wasu Libiya, kuma ba taswira ake dubawa a zaɓa ba. Kowane ƙauye yana da garin da na gaba suka riga suka buɗe, na baya kuma sawunsu suke bi. Mai zuwa arewa ya bi Tawa da Abalak ya isa Agadas, daga nan ya hau bayan Hilux, ƙafafu na lilo a waje, sanda a kafe tsakanin cinyoyi don kada gyangyaɗi ko gargada su jefar da shi, fuska a naɗe da rawani, jarkar ruwa a ɗaure, a bi Dirku da Madama a shiga Gatrun, a yada zango a Sabha, in da rabo a gangara Tarabulus. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙaura ta yi shekaru, har zuwa 2023, tana nuna cewa ƴan Nijar sun fi na kowace ƙasa yawa cikin baƙin da ke Libiya, kusan ɗaya cikin huɗu, kuma galibinsu ba tsallaka teku suka je yi ba, aiki suka je su dawo. Dokar da aka kafa a 2015 don hana safarar baƙin haure, wadda aka soke a Nuwamban 2023, ta ƙara kuɗin mota da haɗarin hanya, amma ba ta tsayar da tafiyar ba. Abin lura a duk wannan shi ne tambayar da tsoho yake yi wa yaro a daren tashi. Ba ya tambayar ko ya san garin. Cewa yake, "To, ɗana, wajen wa za ka sauka?" In yaron ya ce, "Baba, wajen kawu ne, ya ce in kira shi da na isa Sabha," hankali ya kwanta, a sa albarka. In ya sunkuyar da kai ya yi shiru, to tafiyar ba ta nuna ba, ko da kuɗin mota sun cika.

Abin da wannan yaro zai sani game da Tarabulus cikin wata shida, babu littafin jagora da ya taɓa rubuta shi. Bayan sallar asuba zai fita tare da ƴan ɗakinsu zuwa bakin shataletale ko ƙarƙashin gadar sama, su zauna a jere kan dakalin titi, kowa ya ajiye kayan aikinsa a gabansa a madadin allon talla: mai fasa bango da babbar guduma a tsaye, mai fenti da burushi a kan dogon sanda, mai ɗaura tayil da ƴan guntayen tayil biyu, lebura da shebur. Mota ta rage gudu, gilashi ya sauka, mutum goma su taso a guje, a ɗauki biyu. A nan zai koyi karanta fuska cikin daƙiƙa uku, ya gane mai biya da yamma da mai cewa a dawo gobe. Zai san gidan burodin da ake barin baƙar fata ya tsaya a layi ba a ture shi ba, da masallacin da limaminsa ke amsa sallama da sakin fuska, da shingen da ake wucewa da safe amma ba a kusantarsa bayan magariba. Zai san farashin dinari a bayan fage kafin ya san sunan titin da yake kwana, domin a kan wannan farashin ne ake lissafin jaka nawa ta sefa za ta isa hannun uwarsa a Karofane ko Tamaske. Wannan sani ne da ake biya da fata, kuma kuskure ɗaya a cikinsa yana iya kai mutum gidan kaso.

Mai karatu zai iya cewa, to ai shi ke nan, ɗan cin rani ne ya san birnin yadda ƴan gari suka san shi, mai yawon buɗe ido kuwa kwaikwayo yake. Wannan magana tana faranta rai, amma ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Sanin ɗan cin rani ƙunci gare shi, domin tsoro ne ya shata masa iyaka. A tsohon birnin Tarabulus akwai ƙofar marmara da aka gina wa sarkin Rum Markus Awreliyus wajen shekara ta 165, akwai Jar Fada da ke kallon teku a gefen Dandalin Shahidai, akwai masallacin Gurji na 1834 da adon tangaran a bangonsa. Mutum yana iya shekara uku a garin bai taka wajen ba, ko kuma ya ratsa Kasuwar Mushir idonsa na kan masu canji, bai ɗaga kai ya ga hasumiyar agogon da ke kusa da su ba. Yana da dalili. A farkon Oktoban 2021 an kai samame unguwar Gargaresh, inda baƙi ke cunkushe, aka kwashe fiye da mutum 5,000 cikin ƴan kwanaki. A Yulin 2019 bom ya faɗa wa wurin tsare baƙi a Tajura ya kashe aƙalla 53. Wanda yake ɗauke da irin wannan labari a ransa ba ya fita shan iska. Ɗan asalin Tarabulus kuma, wanda ke wuce shataletalen nan a motarsa kullum, bai san kwabo nawa ake biyan gado a ɗakin mutum goma sha biyu ba, bai san wace hanya ake bi a kauce wa shinge ba, don shi ba a tsayar da shi. Ke nan birni ɗaya ne a taswira amma da yawa ne a ƙafa, kuma duk wanda ya ce zai nuna maka shi yadda ƴan gari suka san shi, sai ka tambaye shi waɗanne ƴan garin, masu gidan ko masu haya, maza ko mata, mai motar ko mai wanke ta.

Abin takaici a nan shi ne, yaron da ke zaune da shebur bai san cewa an yi Hausa a lungunan garin nan tun kafin a haifi kakan kakansa ba. Ƙarni bayan ƙarni ayari na tashi daga Kano da Katsina da Damagaram, ya ratsa Abzin da Gat da Gadamas ya sauke a Tarabulus jar fatar akuya da gashin jimina da hauren giwa, ya komo da takarda da siliki da madubi da tsakiya. Larabawan Gadamas da Tarabulus sun zauna a Kano har unguwarsu ta samu suna Dandalin Turawa, tun lokacin da Bahaushe yake kiran Balaraben arewa Bature, kuma da su ake danganta gurasa da alkubus da alkaki da yau ake ɗauka abincin Kanawa ne tun fil azal. Ayarin nan kuma ya kai mutane a ɗaure, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Hausawa sun yi yawa a biranen bakin tekun har Baturen Ingila Charles Robinson, da ya tashi koyon Hausa a 1893, Tarabulus da Tunis ya fara zuwa kafin ya nufi Kano, shi kuma wani Bature mai suna Tremearne a can ya tattara abin da ya rubuta kan bori a littafinsa na 1914. To me waɗanda aka kai da ƙarfi suka fara ginawa da suka samu kansu? A Tunis, inda Ahmad Bey ya haramta bauta a 1846, sun kafa gidaje na jama'a, kowanne na mutanen wata ƙasa, inda sabon zuwa yake samun mai jin harshensa, da wurin kwana, da mai nema masa aiki. Wanda ya fi daɗewa a cikinsu Dar Barnu ne, gidan mutanen Barno, kuma kiɗan sitambali da ya fito daga waɗannan gidaje har yau yana ɗauke da kalmomin Hausa da Barbarci a bakin mawaƙan da ba su jin ko ɗaya. A 1911 Italiya ta kama Tarabulus, a shekarar kuma layin dogo ya iso Kano daga kudu, ayari ya mutu, aka manta da juna.

Masauki ke nan, kuma a ganina shi ne amsar da Hausawa suka daɗe da bai wa tambayar da masu yawon buɗe ido ke fama da ita. Bafatake bai taɓa neman ya zama ɗan gari a Salaga ko Kumasi ba. Yana isa zango ya nemi mai gidansa, ya sauke kaya a zaurensa, ya ci tuwon gidansa, mai gida ya nemo dillali, ya faɗa masa wanda za a ba bashi da wanda ba a ba, ya tsaya masa in rigima ta kai gaban sarki, a ƙarshe ya ɗauki la'adarsa a fili ba kunya. Masanin nan Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan wadda aka kafa a 1916, ya nuna yadda cinikin shanu gaba ɗaya ya rataya a kan wannan: ana ba mahauta shanu bashi, in mahauci ya ƙi biya, mai gida ne ke biyan baƙonsa daga aljihunsa, don in bai biya ba labari zai kai arewa, baɗi ba wanda zai sauka wajensa. Fataken Tamaske da suka yi suna a biranen Najeriya da masu kai albasar Galmi da Madawa kasuwannin Akara da Abijan duk a kan wannan turba suke har gobe. Hikimar tsarin ita ce bai yi wa kowa ƙarya ba. Baƙo yana nan a baƙonsa, ɗan gari yana nan a matsayinsa, an dai ƙulla su da wani mutum mai suna da fuska wanda zai yi asara in shawararsa ta ɓaci. Baƙon yana aron idon mai gida, kuma ya san aro ne.

Ko Turawan da suka ratsa ƙasashenmu da wannan suka tsira. Heinrich Barth ya bar Tarabulus a Maris na 1850, ya shiga Agadas a Oktoba, ya isa Kano a Fabrairun 1851, ya koyi Hausa a hanya har yana ciniki da ita, ya ɗauki sunan Abdulkarim. Duk da haka kowane mataki nasa a ƙarƙashin inuwar wani yake. A Abzin tsoho Annur na Kel Owi ne ya riƙe shi. Wuri ɗaya da ya gwada ɓad da kama sosai shi ne hanyar Tumbuktu a 1853, inda ya bari aka ɗauke shi Balarabe Musulmi, kuma asirin bai daɗe ba da ya shiga gari. Abin da ya cece shi daga masu neman kansa shi ne Shehu Ahmadul Bakkayi, wanda ya san sarai Kirista ne, ya ce baƙona ne, ya tsaya a kan haka wata da watanni har ya fitar da shi lafiya. Riga da rawani sun kai shi ƙofar gari, amma mai masauki ne ya fitar da shi da ransa.

Akwai hujja ta biyu da ta fi ta farko nauyi. Za a ce ɗan gari makaho ne a garinsu, sabo ya rufe masa ido, baƙo ne ke ganin abin da kowa ya daina gani. Gaskiya ne, kuma Hausa da kanta ta ci moriyar haka. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama aka sayar a Barno, aka ƴanta shi ya bi Barth har Tarabulus da Landan a 1855, ya ba da labarin tafiyarsa ga wani Bature mai suna Schön, aka buga a Magana Hausa a 1885, kuma yana cikin zube na farko-farko da aka adana da harshenmu a boko. Daɗin labarin yana cikin mamakinsa: ya tsaya ya bayyana yadda Ingilishi ke zama cin abinci dalla-dalla, abin da babu ɗan Landan da zai ga ya isa a rubuta. A Keita ma an ga irin wannan ta wata fuska. Bayan farin 1984, da kuɗin Italiya da hannun hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aka fara aikin farfaɗo da ƙasar Adar Dutsi da Magiya, aka yi shingayen dutse da madatsun ruwa, aka dasa miliyoyin itatuwa a kan fako da kowa ya fid da rai da shi. Masanan da suka zo daga ƙetaren teku sun kalli tsaunukan a dunƙule, sun ga yadda ruwan wannan tudu ke kashe gonar wancan kwari, abin da mai gona ɗaya ba ya hangowa. Amma matan da suka yi yawancin aikin, suna ɗaukar dutse a ka ana biyansu da abinci yayin da maza ke cin rani, su suka san inda ruwa ke fara tsagawa da inda ƙasa ke riƙe danshi. Sai dai a lura da inda wannan hujja ta kai mu. In idon baƙo yana da daraja, darajarsa tana cikin baƙuncinsa ne. Ranar da Dorugu zai yi kamar shi ɗan Landan ne, ranar zai daina ganin cokula da wuƙaƙen da ke kan tebur. Mai yawon da ke ɓoye kyamararsa yana kwaikwayon tafiyar ƴan unguwa ya zubar da abu ɗaya da yake da shi na gaske, bai kuma samu wanda yake nema ba.

Wani zai ce duk wannan tsaurin ra'ayi ne a kan abin da bai kai ya kawo ba. Mutum ya biya kuɗinsa, yana son ya ci abinci mai kyau ba a cuce shi ba, kuma kuɗin nasa ya shiga aljihun mai ƙaramin shago maimakon babban otal, ina laifi? Mutanen Barselona sun ba da amsa. Akwai wata ƙaramar bas mai lamba 116 da ke hawa tudun unguwar da lambun Guwel yake, wadda tsofaffin unguwar ke shiga su koma gida da cefane. Da wayoyi suka fara nuna wa baƙi cewa ita ce hanyar ƴan gari, sai ta cika maƙil tun daga tashar farko, masu unguwa suka koma tsayuwa a bakin titi, har a 2024 aka nemi a goge ta daga taswirar Google da ta Apple, aka goge. A Yunin shekarar magajin garin, Jaume Collboni, ya sanar cewa kafin ƙarshen 2028 za a soke lasisin gidaje kusan 10,000 da ake ba baƙi haya ta kwanaki, saboda kuɗin haya sun kori ƴaƴan gari daga unguwannin iyayensu. A Yuli kuma masu zanga-zanga suka riƙa fesa wa baƙi ruwa da bindigar wasan yara a wuraren cin abinci. Tsohon birnin Benis, mai mutum kusan 175,000 a farkon shekarun 1950, ya faɗo ƙasa da 50,000 a 2022, kuma daga Afrilun 2024 aka fara karɓar yuro 5 a hannun mai shiga na yini ɗaya a ranakun cunkoso. Baƙon da ke zaune a otal an san inda yake. Wanda ke son kwana a gidan ɗan gari, ya yi cefane a kasuwar ɗan gari, ya hau motar ɗan gari, in suka kai miliyan, ɗan garin ne ke tashi ya ba su wuri. Hausawa sun ce da ɗan gari kan ci gari, kuma masu faɗar haka yaƙi suke nufi, ba ziyara ba.

Hujjar da ta fi ci mini rai ita ce ta ƙarshe, domin ta fito daga cikin gida. Za a ce wannan suna na ɗan gari da nake ta karewa makami ne, kuma mu muka fi kowa shan saransa. Da shi gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana a 1969, ciki har da mutanenmu da aka haifa a zangon Kumasi. Da shi Najeriya ta kori nata baƙin a 1983. Da shi ake ce wa Bahaushen da kakansa ya haƙa kuza a Jos har yanzu ɗan zuwa ne. Da shi ake sauke mutane daga motocin Aljeriya a tsakiyar hamada su taka kilomita 15 zuwa Asamaka. Ban musa ko ɗaya ba. Amma gyaran wannan cuta shi ne a buɗe ƙofar ga wanda ya ɗauki nauyin, kuma garuruwan Hausa a lokacin da suke da lafiya sun iya haka. Agalawa da Tokarawa daga ƙasashen Abzinawa suka gangaro, ba su da komai, suka zauna a karkarar Kano da Katsina, suka yi fataucin goro, suka yi aure, suka binne iyayensu a nan, kuma daga cikin Agalawa ne Alhassan Ɗantata ya fito, wanda da ya rasu a 1955 babu mai tambayar ko Bakano ne. Magini ɗan Buza da ya shekara goma yana zuba kankare a Tarabulus ya biya irin wannan farashi, an hana shi kayan. Mai kwana huɗu bai biya komai ba, an miƙa masa a leda. Ɗaukar sunan a raba wa kowa kamar goron biki ba ya ƙara wa maginin komai, sai ma ya sa a manta cewa akwai bashin da ake bin birnin.

Yau salula ta shiga tsakani a ɓangarorin biyu, kuma a ido kamar abu ɗaya suke yi: mai yawon buɗe ido yana duba taurarin da wasu suka ba gidan abinci, ɗan cin rani yana sauraron saƙon murya a WhatsApp kan wace hanya ce ta yi zafi a wannan mako da wane mai aiki ne ya gudu da kuɗin mutane. Bambancin yana ga wanda ke ɗaya bakin. Taurarin nan dubban baƙi ne suka ba da su, kowannensu ya kwana biyu ya wuce, ba wanda zai ji a jikinsa in shawarar ta kai ka ga ɓata ko ta cika bas ɗin tsofaffi. Raɓa ce ke yi wa raɓa jagora. Saƙon muryar kuwa daga wani ne da uwarsa ke ɗibar ruwa a rijiya ɗaya da uwar mai sauraro. In ya tura ƙanen abokinsa hannun macuci a Sabha, kafin ya dawo noma labari ya riga shi isa Urno, kuma zai tarar da shi a bakin masallaci, da wajen neman aure, da ranar da shi ma zai nemi wanda zai sauki nasa ɗan.